Shari'ar Kwalin Ƙarƙashin Gado

Zuwaira ta ce in zubar da kwalin nan,
wai ya zama unguwar kyankyasai.
Na ce sai na yi musu shari'a tukuna,
kaset bayan kaset, ni ne alƙali, ni ne mai ƙara.

Na farko, mai kukuma ɗan Birnin Gwari.
Fuskar farko zinariya ce.
Ta biyu ya ɓata ta da yabon wani ɗan kwangila
wanda ko kwalbati ɗaya bai ƙarasa ba.
Amma in ya ja izgar nan a waƙa ta uku
sai in ji ƙamshin dawar da uwata ke surfawa.
Koma mazauninka.

Na biyu ɗan Kwango ne, ko kalma ɗaya ban sani ba.
Ishaya ya ba ni a ƙofar masaƙar Kakuri
ranar albashi, muna cin tsire,
auduga maƙale a gashin girarmu.
Jitar nan ba ta nishi, kamar injin layi na tara,
sai dai ita ba a taɓa garƙame ta da kwaɗo ba.
Bayan wancan rikici Ishaya ya tsallaka gada,
ni na kwaso tabarmata zuwa wannan hayi.
Kaset ɗin har yau bai ji labari ba
cewa kogi ya zama katanga.

Na Indiya kuwa, gaskiya ɗaya ce, ban taɓa son sa ba.
Mace na kuka minti tara, sarewa na ba ta haƙuri,
suga ya yi yawa har shayin ya ɓaci.
Sai dai da shi Uwani ke guga,
tana bin waƙar da wata Hausa da ta ƙirƙiro
wadda ko ita ba ta san fassararta ba.
Damina shida ke nan da muka rufe ta.
A nan alƙali ya ci hanci.

Rege.
Bugu mai ɗingishi, kamar wanda ƙaya ta soka
amma bai fasa zuwa kasuwa ba.
Waƙa goma, fushi ɗaya.
Na saye shi a makon da aka sallame mu ba ko sisi.
Bai huce ba. To, ni na huce?

Fujin da Baba Lamidi mai gyaran agogo
ya haɗa mini da canjina a Kasuwar Barci:
ganguna goma sha biyu, kowacce da bakinta,
tashar Kawo ke nan ranar jajiberi.
Kai kam na ɗaure ka.
Sai na tuna bashin naira uku da ban biya mamacin ba,
na ɗage ƙara.

Ana cikin haka Sagiru ya miƙo waya,
wai Kaka, yanke wa wannan ma,
sabon kundin wani yaro ɗan Rigasa.
Murya ta bi ta inji ta fito da santsin leda,
magana na gudu kamar an biyo ta bashi.
Na ce wannan ai rigima ce aka yi wa kiɗa.
Kuma abin da ba a riƙe shi a hannu,
a ina ake rubuta ranar da aka saya?
Sai ga waƙa ta bakwai:
yaron na lissafa abin da ubansa ya sayar
kafin a kai ga kekensa.
Na ce, maimaita mini wannan.
Ɗan banza ya yi dariya har da riƙe ciki.

Da la'asar Zuwaira ta leƙo:
nawa ka kora, Baba?
Na ce ana kan bincike.
Ta dubi rakodar da ta mutu tun bara waccan,
ta dubi biron da nake naɗe zaren kaset da shi,
ta ce, to da me kake saurare?
Na ce ki yi shiru,
mai kukuma zai shiga waƙa ta uku.